Motar da Ke Mutuwa a Kwangila

Ku samarin da makarantu ke turo mana ku koyi aiki a gareji, ina lura da irin kallon da kuke yi mini. Kowa ya zo da 'yar na'urarsa a aljihu, ya cusa ta ƙarƙashin sitiyari, ta rubuto masa ciwon mota a fuskar waya, sai ya miƙe yana cewa ai kanikanci ba wuya. Jiya ma ɗayanku ya tambaye ni, cikin ladabi kuwa, wai ni ainihin wane ɓangare nake gyarawa. To ku gyara zama ku ji. Sunana Ishaya, amma daga Chikaji har Samaru in ba ka ce Ishaya Kafireto ba, ba mai nuna maka rumfata. Kafireto kuwa, tunda na san wasunku ba su taɓa riƙe shi ba, wani ɗan ƙarfe ne da ke zaune a kan injin, shi ke gauraya fetur da iska kafin injin ya sha. A kansa na ci na sha, na yi aure, na sa yara a makaranta. Yau sai ka yini kana buɗe bonet ba ka ci karo da shi ba. Ni dai sarki ne, garin ne ya tashi ya bar ni da rawani.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne zuƙo fetur. Babana ya kawo ni daga ƙauyenmu da ke bayan Bomo, ya damƙa ni hannun wani Bayarabe, Oga Lasisi, a nan Sabon Gari, ya ce masa nama naka, ƙashi nawa. Ko ƙurar tafiyarsa ba ta kwanta ba Oga ya miƙo mini tiyo da galan, ya nuna tankin wata mota. Ba wanda ya gaya mini cewa da zarar ka ji sanyin man ya taso sai ka zare baki. Na ja iya ƙarfina irin na ɗan ƙauye mai son a yaba masa, na haɗiye abin da ya kusa kai mota Samaru. Na faɗi ina tari, hawaye na zuba, manyan yaran gareji na riƙe ciki don dariya. Oga Lasisi ya aika aka sayo madarar gwangwani, ya tsaya a kaina har na shanye, sannan ya ce, "Yawwa. Yanzu kai da mota kun zama dangi." Na yi kwanaki ina gyatsar fetur, a gida ma aka hana ni zama kusa da murhu.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sukudireba biyu, filaya, sifana 'yan kaɗan, da kwanon da ake wanke ƙananan ƙarafa a cikin fetur. Sauran duk a jikinka suke. Da baki ake hure ƙananan hudojin kafireto, ka ɗaga sama ka leƙa ko haske ya wuce. Da tafin hannu ake toshe bakinsa a ba mota wuta, ya zuƙe dattin da ya maƙale. Da harshe ake gane man da aka yi wa algus. In injin na wani ƙara da ba ka gane ba, sai ka ɗora kan sukudireba a jikinsa, ka manna ƙotar a kunne, ka yi ta bi har ka kama inda kukan yake. Ni na ɗauka duk wannan ilimi ne da zai kai ni kabari, ban san yana da ranar ƙarewa kamar magani ba.

Amma martabar bakanike duka a silo take. Silo shi ne numfashin mota sa'ad da take tsaye, ƙafa ba ta kan totur, injin na juyawa a hankali shi kaɗai. In ka gama aiki, Oga Lasisi ba ya duba komai. Kofin ruwa yake ɗorawa a kan injin ya tsaya yana kallo. In ruwan na rawa, ka ci ranƙwashi, ka koma. In ya kwanta, ya yi gaba bai ce uffan ba, wannan shi ne yabonka. Motar da ke mutuwa in an tsaya kuwa, abin kunya ne ga wanda ya taɓa ta na ƙarshe. A cunkoson Kwangila, in mota ta mutu mutane suka zo turi, tambayar farko da ake yi wa mai ita ita ce, "Wa ke yi maka gyara?" Nan take sunanka zai zaga gari. Haka aka rene ni: mota ta yi shiru a tsaye, to ba ta da lafiya, kuma laifin nawa ne.

Bayan an yaye ni na kafa rumfata, a nan na samu Malama Hannatu. Malamar firamare ce a Samaru, mijinta ya rasu ya bar mata yara da wata doguwar motar Faransa mai shan mai kamar raƙumi. Ranar da ta fara zuwa, motar na tari tana hayaƙi, wasu sun riga sun ce mata sai an sauke injin. Na buɗe na tarar ɗan ƙarfen da ke yawo a cikin kafireto ne ya huje, ya cika da mai ya nutse. Na toshe shi da dalma, na daidaita silo, ta tafi. Tun daga ranar ba ta ƙara kai mota wani wuri ba. Ba ta cewa a gyara mata. In ta zo sai ta leƙo ta taga ta ce, "Malam Ishaya, saurara mini ita." In na ce lafiya lau, ko Kafanchan ce sai ta kama hanya da yaranta ba fargaba. Ta canza mota, ta sake canzawa, ni dai ban canzu ba.

Shekarun da kowa ke kira na wahala, lokacin da gidajen mai suka bushe aka koma sayen na jarka a hannun 'yan bumburutu, ni kakata ce ta yanke saƙa, Allah ya yafe mini. Suna gauraya fetur da kananzir, wani ma har da abin da ban san sunansa ba, kafireto kuwa ya toshe, layi ya taru a gabana tun daga safe. Malaman jami'a masu manyan digirori suna tsaye suna jira in lashi yatsa in yanke hukunci. A lokacin na sayi rediyo mai kaset biyu, na fara tafiya ina buɗa hannu.

Tawa muguwar shekarar ba ta zo da hayaniya ba. Motoci ne kawai suka fara gyaruwa. 'Yan Kwatano, wato motocin Turai na hannu, suka shigo, masu sumul kamar sabulun wanka, ba kusurwa ba ƙarfen kirki, ka jingina da su su lotsa. Ka buɗe bonet ka ga roba ta rufe komai, ba kafireto, sai injekta da wani akwati da ake kira ƙwaƙwalwa. Mu dattawan layi muka taru muka yi dariya, muka ce wannan na ƙasar sanyi ne, ba zai jure man Najeriya ba. Duk wadda ta ba mu wahala sai mu cire mata injekta mu ɗora mata kafireto, mu ce mun mai da ita 'yar gida. Mun yi shekaru muna wannan jihadi, motocin na ƙaruwa, mu muna raguwa. Wani ya koma sayar da taya, wani ya koma gona, wani ya tafi inda ba a dawowa. Na dai koyi wanke injekta da canza fulogi don kada a mutu da yunwa, amma ban taɓa sakin jiki da su ba.

Da aka cire tallafin mai kuwa, sai abin ya ƙarasa. Ma'aikata suka jingine motoci a gida suka koma hawa Keke, 'yan tsofaffin da nake lallaɓawa aka sayar da su ga masu awon ƙarfe. Sai in yini a rumfa ina dara da mai faci, in mota ta rage gudu a bakin titi mu miƙe tare, ashe rami take kaucewa. Cikin mutanena na da, saura Malama Hannatu kaɗai, da 'yar tsohuwar motarta ta Japan. Ita ce shaidata. Muddin tana zuwa, ina iya gaya wa kaina cewa har yanzu ni bakanike ne, ba mai gadin rumfa ba.

Ran nan da hantsi ina sunkuye ina wanke hannu, sai na ji an ce, "Malam Ishaya, ina kwana?" a bayan kunnena. Na zabura har na zubar da ruwan. Mota ce fara sol tsaye dab da ƙafata, Malama a ciki, ban ji zuwanta ba ko kaɗan.

"Malama, turo ki aka yi?"

"Ina fa! Haka take tafiya kamar ɓarawo. Babban yaron ne ya aiko mini daga Legas, ya sa aka ɗauke tsohuwar. Wai rabi batir rabi fetur, ba ta shan mai. Amma ni ban yarda da ita ba. Ko'ina na tsaya sai ta mutu. Yanzu a Kwangila ta mutu mini ya fi a ƙirga, gabana na ta faɗuwa."

"In kin taka fa?"

"Sai ta tafi, can kuma in ji ta tashi da kanta. Ga shi jibi zan je gida bikin jikata. Saurara mini ita."

Wani daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Ga motar zamani, ta ƙetaro teku da duk taƙamarta, ta zo ta durƙusa a gabana da ciwon da na fi kowa sani. Na sa ta taka totur, injin ya tashi, ya yi ɗan gurnani, ta ɗaga ƙafa, jim kaɗan ya yi tsit. Na girgiza kai irin na manyan likitoci.

"Ba ta da silo, Malama. An cuci yaron nan. Bar ta, ki zo gobe."

Ta hau Keke ta tafi hankalinta kwance. Ni kuma na naɗe hannun riga. Na cire fulogi, na ga kamar yau aka sa su, duk da haka na goge. Na wanke maƙogwaron iska har yana ƙyalli. Na zuƙo man na ɗanɗana, lafiyayye. Na nemi ɗan sukurun da ake murɗawa a ɗaga silo, sama da ƙasa, babu shi babu alamarsa. Na tashe ta, ta yi numfashi kaɗan, ta sake yin shiru. Mai faci ya zo ya ba da shawarar a duba batir. Mai walda ya ce shi a ganinsa aljanu ne. Masu wucewa suka fara tsayawa, ni kuwa in an taru a kaina sai ilimina ya ƙaru, na shiga yi musu bayanin yadda Turawa ke ɓoye ciwon mota kafin su sayar.

Wajen la'asar idona ya faɗa kan wasu wayoyi masu kauri, ruwan lemo, da suka fito daga ƙasa suka shiga wani akwatin ƙarfe kusa da injin. Na ce yawwa, ga inda gizo ke saƙa, wata ce ta yi sako-sako a ciki. Akwai rubutu da hoton walƙiya a jiki, amma mu tun muna yara mun saba, kowace mota tana da irin waɗannan tsoratarwar. Ni da nake gwada wutar fulogi da yatsa? Na ɗauko sifana na ɗora a kan noti.

Abin da ya tsayar da ni ba hankali ba ne, rowa ce. Na ce kafin in kwance bari in tambayi kuɗin abin da ke riƙe silo a irin wannan mota, kada in buɗe abin da ba zan iya sayen kayansa ba. Sai na buga wa Ifeanyi waya. Ɗan wani mai sayar da kayan gyara ne a layinmu, a Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar Bazazzage. A hannuna ya koyi aiki, ni na yaye shi, daga baya ya tafi Kaduna ya koyo na kwamfuta, yanzu yana da babban gareji a Hanwa, da mata da 'ya'ya. Ban taɓa neman sa a kan aiki ba, ko da wasa. Na gyara murya na yi kamar ciniki kawai nake.

Ya tambayi irin motar, na faɗa masa. Sai ya ce:

"Oga, me ke hannunka yanzu?"

"Sifana."

"Tana ina?"

"A kan notin wata waya mai kauri, ruwan lemo."

"Oga, don girman Allah ɗauke hannunka. Ajiye ta a ƙasa. Ka ja baya, ka kori mutane. Ga ni nan zuwa."

Tunda nake da yaron nan bai taɓa ba ni umarni ba. Na ajiye. Kafin in gama fushi sai ga shi a kan babur, ko hular kwano bai tsaya sawa ba. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, sannan ya leƙa ya ga notin bai motsa ba, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ya ce wutar da ke cikin wayar nan ba irin ta fulogi ba ce mai sa mutum ya yi tsalle ya yi ashar. Wannan in ta kama ka, sai dai a sanar a coci. Karambanin akuya ke nan, gai da kura.

Ya sa na'urarsa, irin taku ɗin nan, ya duba. Ya ja ni gefe inda mai faci ba zai ji ba, ya rage murya.

"Oga, motar nan ba abin da ke damun ta."

"Kai, tana mutuwa a tsaye! Da kunnena na ji."

"Ba mutuwa take ba, hutawa take. Haka aka ƙera ta. In ta tsaya sai ta kashe injin don kada ta sha mai a banza, batir ya riƙe ta. Abin da aka saye ta dominsa ke nan."

Wato na yini cur ina neman maganin lafiya. Abin da aka yi ta ranƙwashina a kansa ina yaro, abin da na gina sunana a kan hana shi faruwa, shi ne yanzu masu ƙera mota suka zauna suka yi da gangan, har ana ƙara masa kuɗi. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage. Ifeanyi ya mayar da duk abin da na kwance, ya ce, "Oga, ba sai kowa ya ji ba. Gobe ka ce mata ka gyara, shi ke nan." Yaron kirki ne, rufin asiri yake nema mini.

Na kwana ina juya maganar. Da na bi shawararsa, Malama za ta ci gaba da zuwa, in riƙa ɗora kunne a kan abin da ba na ji, ina ce mata lafiya lau. Ita kuma ta ɗauki jikoki ta hau babbar hanya a kan maganata.

Da safe ta zo da fara'arta. Na ce, "Malama, motarki ƙalau take. Shirun nan da take yi, haka Allah ya yi ta, ko in ce haka masu ita suka yi ta. Ki je bikinki."

"Kai ka gano haka?"

"Ina fa na gano. Jiya saura ƙiris ta aika ni lahira. Yaron da na yaye ne ya zo ya fitar da ni. Garejinsa na Hanwa, zan kwatanta miki. Daga yau can za ki riƙa kai ta."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Malam Ishaya, kora ta kake yi?"

"Ba kora ba ce. Kin ce in saurara miki, ni kuma wannan ba na jin yarenta. In na ce miki lafiya, ƙarya na yi."

Ta mayar da tabarau. Can ta ce, "To kai fa?" Na ce Allah na nan. Na yi dariya don ta yi, ba ta yi ba. Na ji zafin abin ƙwarai, don da hannuna na miƙa mutum na ƙarshe da ke kira na bakanike yana nufin haka har zuciya.

Saboda haka ku da na'urarku, ban raina ta ba, ta fi kunnena a kan motocin yau. Amma kada ku yi irin tafiyar da na yi da na sayi rediyo. Ga shi kuna gani ana ɗaura wa motoci tulun iskar gas a but. Ga Keke mai caji ta fara yawo, ba fulogi, ba salansa, ba baƙin man da za a juye. Ifeanyi da kansa ya gaya mini wai akwai waɗanda kamfani ke duba ciwonsu daga can ƙasarsu ba tare da an buɗe bonet ba, kuma da yake faɗa na ga fuskarsa ta yi irin tawa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Kafin furfura ta fito muku, wani yaro zai tambaye ku, cikin ladabi, wai ku wane ɓangare kuke gyarawa.

Bayan bikin da 'yan makonni, ina zaune sai ga farar motar ta sulalo ta tsaya. Na ce ko ta fasa ne ta dawo mini da ita. Malama ta fito ta buɗe but. Ƙaramin janareto ne a ciki, duk ya yi baƙi, an naɗe shi da tsohon zane.

"Yaronka na Hanwa ya iya aiki," in ji ta. "Amma na nuna masa wannan ya ce shi bai san kansa ba, wai kafireto ne, in kawo wa Oga."

Na san ƙarya yake, ni na koya masa kafireto. Na sauke janareton na durƙusa a gabansa cikin murna. Na kwance ɗan kafireton, bai fi ƙwan agwagwa ba, na hure shi, na ɗaga sama na ga haske. Na mayar na ja igiya, ya tashi, na murɗa sukuru a hankali har muryarsa ta kwanta. Na ɗago ina jiran yabo.

"Madalla," in ji Malama. "Ka ga ya koma sabo. Ya dai lallaɓa ya kai ni ƙarshen wata, don ɗana na Legas ya ce zai turo a sa mini sola."